Williamsburg, Garin da Aka Tsayar Masa da Agogo

Mu huɗu ne a motar, kuma tun ba mu fita daga unguwarmu da ke bayan birnin Washington ba gardama ta kaure a kan kalma ɗaya. Wanda ya shirya tafiyar, wani abokinmu Bazazzagi mai aikin akanta, ya aiko mana saƙo ta WhatsApp cewa ranar Asabar za mu je ganin "garin zamanin mulkin mallaka". Sauran biyun su ne wata ma'aikaciyar jinya 'yar Damagaram, wadda duk muke kira Yaya don ta girme mu, da ƙanenta ɗalibin jami'a. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa, in aka ce masa mulkin mallaka ya san abin da zai gani a ransa: Razdan da Di'o, ko Kumandan in a Nijar ne, da haraji da jangali, da faɗuwar Kano da Sakkwato a 1903. Shi ya sa Yaya ta ce ita fa ba ta ga dalilin tuƙin kusan awa uku don ta je ta kalli abin da kakarta ta sha ba ta labarinsa kyauta ba.

Ashe a Williamsburg kalmar juyawa ta yi. Mutanen da ake baje kolin rayuwarsu a nan Turawan Ingila ne da suka ƙetaro teku suka zauna a ƙasar Powhatan da sauran 'yan asalin wurin, suka ture masu ƙasar gefe, suka sayo bayi daga Afirka don noman taba, daga baya kuma suka tashi suna kukan cewa Sarkin Ingila yana zaluntarsu da haraji. Wato mutum ɗaya ne ya mallake wasu, shi ne kuma yake cewa an mallake shi. Ba'amurke in ya ji kalmar, farin gida yake tunawa da lambu da kakanni masu neman 'yanci. Mu kuwa da muka shigo da namu kunnen, duk inda aka ce "zalunci" sai mu waiga mu ga wa ake nufi. Wannan saɓanin ji shi ya raka mu har yamma, kuma da shi za mu auna wurin.

Ga wanda bai san shi ba, Williamsburg ya kasance babban birnin Virginia daga 1699 zuwa 1780, lokacin da aka mayar da gwamnati Richmond. Abin da ake kira Colonial Williamsburg yau yanki ne mai faɗin eka 301 a tsakiyar garin, inda aka mayar da komai kamannin shekarun 1770. Babban titinsa, Duke of Gloucester, ya kai kimanin mil ɗaya: ginin majalisa a ƙarshensa na gabas, kwalejin William & Mary, wadda aka kafa a 1693, a ƙarshensa na yamma. Mota ba ta bin titin da rana, sai keken doki. Yawo a kan titi kyauta ne, shiga gidaje da shaguna ne ke buƙatar tikiti, kuma ginin da yake buɗe za ka ga an kafa tuta a ƙofarsa. Ma'aikata suna sanye da tufafin wancan ƙarni. Wasunsu za su yi maka bayani da bakin mutumin yau, wasu kuwa sun shiga rigar wani mutum na da, ba za su fita ba ko ka tambaye su inda ake cajin waya.

Abin da ya kamata baƙo ya riƙe tun daga ƙofa shi ne cewa yawancin abin da idonsa ke gani bai kai shekara ɗari ba. A 1926 ne limamin cocin Bruton Parish, W.A.R. Goodwin, ya shawo kan John D. Rockefeller ƙarami, ɗan hamshaƙin attajirin man fetur, ya zuba kuɗi a farfaɗo da tsohon birnin. Aka yi ta sayen gidaje. Ɗaruruwan gine-ginen da aka yi bayan zamanin da ake so aka rushe su ko aka ɗauke su, aka sake gina wasu ɗaruruwa a kan tsofaffin harsasai. Gine-ginen asali da suka tsira ba su cika 90 ba. Fadar Gwamna, wadda ita ce ake yawan ɗauka a hoto, ta ƙone ƙurmus a 1781 tana asibitin sojoji. Wadda ke tsaye yanzu an buɗe ta a 1934. Ba da ka aka gina ta ba, gaskiya. An bi harsashin da aka tono, da zanen ɗakunan da Thomas Jefferson ya yi, shi da ya zauna a ciki yana gwamna, da wani farantin jan ƙarfe mai ɗauke da hoton ginin da aka gano a ɗakin karatu na Bodleian a Oxford a 1929. Aiki ne na ƙwarai, mai kyan gani. Amma gari ne da aka zaɓa masa shekara, aka share duk abin da ya biyo bayanta.

Mu da abincinmu ke cikin rubuta manhajar kwamfuta mun san wannan aikin. In tsari ya lalace, akan koma ga ajiyar da aka yi a wata rana ta baya a dawo da komai yadda yake a ranar. Wanda bai san sana'ar ba yana ɗauka gyara ne kawai. Wanda ya sani yakan fara tambaya: wace rana za a koma, wa ya zaɓe ta, kuma aikin wa aka yi bayan ranar nan da zai salwanta? Ba a taɓa dawo da ajiya ba tare da wani ya yi asara ba. A Williamsburg an koma 1770 da 'yan kai, kuma shekaru ɗari da hamsin na rayuwar mutanen garin, farare da baƙaƙe, su ne suka salwanta. Za mu dawo kan wanda asarar ta fi faɗa wa.

Bari mu fara da abin da ya burge mu, domin yana da yawa. Shagunan sana'a su ne gaskiyar wurin nan. A maƙera mun tarar da mutum uku suna aiki, zuga-zugi na huci, gawayi ya yi jawur, ɗaya ya riƙe ƙarfe da awartaki a kan uwar maƙera yana duka. Ƙusa yake yi. Muna tsaye ya gama guda uku, kowace da nata ɗan karkacewar, ya ce su ake kai wa kafintocin wurin su yi aiki da su. Waɗannan mutane ba kwaikwayon maƙera suke yi ba, maƙera ne. Sukan shekara da shekaru suna koyo a ƙarƙashin ubangida kafin a sallame su, kamar dai yadda ake yi a gida. Akanta, wanda ya tashi kusa da unguwar maƙera, ya tsaya ya ƙi tafiya. Ya ce ƙarar nan ita ce ta yi ta tashinsa daga barci yana yaro, kuma bai taɓa zaton zai ji ta a Amurka ba, balle a ce sai da tikiti.

Haka a wurin masu tubali, inda ake cuɗa yumɓu da ƙafa a zuba a ma'auni a shanya kafin a gasa. Haka wurin masaƙa, da mai ɗinkin takalma, da mai yin hular gashin da manyan mutanen wancan zamani ke ɗorawa a ka. A maɗaba'a muka ga yadda ake tsintar haruffan dalma ɗaya bayan ɗaya, a jera su a juye, a shafa tawada, a danne takarda. Mu da kan goge kuskure da yatsa ɗaya muka tsaya muna lissafin wahalar gyara harafi guda bayan an ɗaure shafi. Dalilin da ya sa sana'o'in suka fi komai gamsarwa a bayyane yake: ƙarfe ba ya karɓar uzuri. In wutar ba ta kai ba, ba zai lanƙwasu ba, ko a 1774 ko yau. Mai kallo yana ganin iyakar abin da hannu zai iya, da tsawon lokacin da yake ci, kuma daga nan yake fahimtar tsadar riga ɗaya ko tukunya ɗaya a wancan zamani fiye da yadda kowane allon bayani zai gaya masa.

Sai dai ko a nan akwai abin da ke ɓoye a fili. Jaridar da irin wannan maɗaba'a ke bugawa, Virginia Gazette, wadda William Parks ya fara a 1736, cike take da sanarwar cigiyar bayin da suka gudu: sunansu, tabon jikinsu, tufafin da suka tafi da su, sana'ar da suka iya, da ladan wanda ya kamo su. Da muka tambaya, mai ɗab'in bai yi kwana-kwana ba, ya yi mana bayani dalla-dalla. Amma sai da muka tambaya. A riƙe wannan.

Fadar Gwamna an yi ta ne don ta tsorata mai shigowa, kuma har yau tana aikinta. Zauren farko bangonsa duk bindigogi ne da takubba, an jera su kamar ado. Bahaushe ba ya buƙatar a fassara masa wannan; ya san abin da soron fada ke faɗa wa talaka kafin sarki ya buɗe baki. A nan aka ba mu labarin Lord Dunmore, gwamnan Ingila na ƙarshe, wanda ya sa aka kwashe albarushi daga rumbun makaman garin a watan Afrilun 1775, ya gudu daga fadar a watan Yuni, sannan a Nuwamba ya yi shelar 'yanta duk bawan ɗan tawaye da ya gudo ya ɗauki makami a ɓangaren Sarki. Ƙanen Yaya ya yi dariya ya ce to ashe a labarin nan mugun shi ne ya fara buɗe wa bayi ƙofa. Ba don Allah ya yi ba, dabarar yaƙi ce, shi kansa yana da bayi. Amma ga wanda ke cikin mari, niyyar mai kwance shi ba ita ce damuwarsa ta farko ba.

Ginin majalisa ne ya fi ba mu abin tunani, kuma a nan ne muke ganin gini ya faɗi abin da masu gininsa ba su nufa ba. Majalisa biyu aka yi a wannan fili. Ta farko an kammala ta a 1705, ta ƙone a 1747. Ta biyu, wadda aka gina a kan harsashinta, ita ce ta ga abubuwan da ake kawo yara 'yan makaranta su ji: a cikinta Patrick Henry ya yi jawabinsa na adawa da harajin hatimi a 1765, a cikinta aka amince da takardar haƙƙoƙin mutanen Virginia da George Mason ya tsara a 1776. Da aka zo sake gini a shekarun 1930, ta farko aka zaɓa, domin an fi samun bayanan siffarta kuma ta fi kyan fasali. To, me aka yi a zamanin ta farkon? A 1705 majalisar Virginia ta tattara dokokin bauta wuri guda. Dokokin shekarar suka tabbatar da cewa wanda aka kawo ƙasar alhali ba Kirista ba ne a ƙasarsa, bawa ne ko da ya karɓi addinin daga baya. Suka lissafa bawa cikin kadara irin ta ƙasa da gida. Suka ce ubangijin da bawansa ya mutu a hannunsa wajen horo ba shi da laifi. Tun 1662 an riga an kafa cewa ɗa yana bin matsayin uwarsa. Saboda haka ɗakin da baƙo ke zama yau yana jin labarin 'yanci, siffar ɗakin dokar bauta gare shi. Da a ce mu ke tsara rangadin, da da wannan za mu buɗe shi.

Kada mu yi wa wurin rashin adalci. Ba ɓoye bauta ake yi ba, aƙalla ba yanzu ba. A jajibirin juyin juya halin Amurka fiye da rabin mutanen Williamsburg baƙaƙe ne, mafi yawansu bayi, kuma ma'aikatan wurin suna faɗar haka da bakinsu. Inda aka fi jin nauyin maganar shi ne gidan Peyton Randolph, kakakin majalisar Virginia kuma shugaban farko na babban taron yankunan Amurka, wanda ya rasu a 1775. Shi da matarsa Betty ba su haihu ba. Mutum biyu ke nan, amma bayi 27 ke gidan. An zaga da mu ta baya, ta madafa da wurin wanki da tsakar gida, kafin a kai mu ɗakin cin abinci mai faranta ido, kuma wannan tsari na shiga ta ƙofar bayi ya canza yadda muka ga kowane cokali a kan teburin. Sunayen mutanen nan sun tsira ne saboda takardar ƙididdigar gado, inda aka jera su da farashinsu tare da kujeru da dawaki. Wasu daga cikinsu sun gudu wurin sojojin Ingila lokacin yaƙi, ciki har da wata mata mai suna Eve. Daga baya Betty Randolph ta yi ƙari a wasiyyarta, ta rubuta cewa mugun halin Eve ne ya tilasta mata sayar da ita.

Matar da ta yi mana bayani a gidan baƙar fata ce, sanye da irin tufafin da baiwa za ta sa. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta nemi hawayen kowa ba. Ta tambaye mu ne kawai: a gidan da mutum 29 ke kwana, wa ya san sirrin wa? Yaya, wadda ta shigo tana gunaguni, ita ce ta ƙarshen fita. A bakin ƙofa ta ce mana, "Ku dubi aikin baiwar Allahn nan. Kullum ta wayi gari ta ɗaura wannan ɗankwalin, ta amsa tambayar duk wanda ya ga dama, da mai hankali da marar hankali, sannan ta koma gida ta dafa wa 'ya'yanta abinci. Ni da nake wankin ciwo ma ina ganin nawa ya fi sauƙi."

Ba a zo nan a rana ɗaya ba. Shekaru hamsin na farko wurin ya yi su yana ba da labarin manyan mutane masu hular gashi, a jihar da dokokin wariyar launin fata ke aiki har cikin shekarun 1960. Sai a 1979 aka ɗauko wasu baƙaƙen 'yan wasa daga kwalejin Hampton, cikinsu har da Rex Ellis, suka fara fitowa a matsayin bayi da 'yantattun garin. A watan Oktoban 1994 sashen da Christy Coleman ke jagoranta ya shirya kwaikwayon gwanjon bayi huɗu a ƙofar masaukin Wetherburn, ita kanta ta fito a matsayin baiwa mai ciki. Ƙungiyoyin kare haƙƙin baƙaƙe, ciki har da NAACP, suka zo suka yi zanga-zanga a wurin, suna ganin an mayar da azabar kakanninsu abin kallo. An yi wasan duk da haka. Mun daɗe muna juya wannan a mota, kuma ba mu ga ɓangaren da za a ce bai da hujja ba. In ba a nuna ba an yi ƙarya, in an nuna kuma ga mai kallo riƙe da askirim.

A nan ne babban sukanmu yake. Masu suka sun riga mu, ba mu ce mu muka fara ba. Ada Louise Huxtable, mai sharhin gine-gine a jaridar New York Times, ta daɗe tana cewa wurin ya koya wa Amurkawa fifita kwafi mai tsabta a kan asali mai datti. Masana halayyar al'umma biyu, Richard Handler da Eric Gable, sun fitar da littafi a 1997 bayan dogon bincike a wurin, inda suka lura cewa har kashin dokin da ake bari a kan titi ya zama wata shaida da ake nunawa don a ce an daina gyara tarihi. Mun ga kashin dokin, mun kuma tsallake shi. Amma damuwarmu ba datti ba ce. Ko an zuba shara a kowane lungu, matsalar tana nan: tsarin wurin ya bar wa baƙo zaɓi. Mutum zai iya shigowa da safe, ya ga maƙera, ya hau keken doki, ya ci abinci a masauki, ya bi masu sarewa da ganga da yamma, ya koma gida bai taɓa jin sunan Eve ba. Fadar Gwamna ba ta kaucuwa, tana tsaye a ƙarshen dogon fili tana kiran ido. Labarin rabin mutanen garin kuwa sai ka duba jadawali, ka san ƙarfe nawa, ka nemi ƙofar. A sana'armu mun san cewa abin da aka saita wa mutum tun farko shi yake bi. Kaɗan ne ke shiga cikin saituna su canza. A ƙarni na 18 babu farar fatar da zai yi taku goma a titin nan bai haɗu da bawa ba, yana ɗebo ruwa ko yana riƙe da linzami. Yau taron da ke kan titin, da ma'aikata da baƙi, bai yi kama da wancan ba ko kusa, kuma ido ya fi kunne saurin gaskatawa. Ba mu ce laifin wani ba ne. Ba za a tilasta wa kowa ya sa rigar bauta don a cika lissafi ba. Iyakar wannan salon ba da tarihi ke nan, kuma gara a faɗe ta.

A gaban kotun garin akwai turu, irin wanda ake saka wuyan mai laifi da hannuwansa a bar shi a rana jama'a na kallo. A da layi ake yi a sa kai a ɗauki hoto. Ƙanen Yaya ya tsaya a jikinsa, muka ɗauka, muka yi dariya. Sai da muka zauna cin guzurinmu a inuwa muna duba hotunan, dariyar ta ɗan yi tsami. Ba wanda ya ce a goge, ba wanda kuma ya ɗora a ko'ina.

Mun ce za mu dawo kan wanda ya yi asara. A titin Nassau akwai wani fili da muka tarar an killace ana aiki. Nan ne mazaunin cocin First Baptist, wanda bayi da 'yantattun baƙaƙe suka kafa a 1776, suna taruwa a ɓoye a daji kafin su samu rufi. Cikin shugabanninsa na farko akwai Gowan Pamphlet, bawan wata mai masauki a garin. Ginin tubalin da jama'ar suka yi a 1856 ya tsaya shekara ɗari. A 1956 aka saye shi aka rushe, domin bai dace da shekarar da aka zaɓa wa garin ba, jama'ar suka koma sabon gini a wani titi, daga baya aka shimfiɗa kwalta a wurin ya zama filin ajiye motoci. A 2020 aka fara tono tare da shawarar zuriyar masu cocin. Aka samu harsashin wani ƙaramin ɗakin ibada da ya girmi na 1856, aka kuma samu kaburbura fiye da 60. Shekara da shekaru baƙi na ajiye mota a kan mamata, su wuce su je jin labarin 'yanci. Kusa da nan aka kawo ginin makarantar Bray a 2023, bayan binciken katakonsa ya tabbatar da shekarunsa. A makarantar ce wata malama, Ann Wager, ta koyar da yara baƙaƙe karatu da addinin Kirista daga 1760 zuwa 1774, karatun da aka tsara don su yarda da matsayinsu, ko da yake wanda ya iya karatu ba ka da iko da abin da zai karanta gobe. A ganinmu wannan kusurwa ta fi duk wani wasan kwaikwayo a garin ƙarfi, domin a nan gidan tarihin ya juyo yana tono abin da shi da kansa ya binne.

A hanyar komawa ne maganar ta iso gida. Ƙanen Yaya ya ce ai Turawa sun iya ɓarna sun kuma iya ba da labarinta. Akanta, wanda ke tuƙi, ya ce, "Kai yaro, su sun tono nasu. Mu ina namu?" Ya ce a Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa mutum zai ga kayan yaƙi da hotunan sarakuna da tarihin zuwan Turawa, amma a wane gidan tarihi ne za a shigar da kai ta ƙofar baya a nuna maka rinji, a gaya maka yadda murgu yake, a kira sunan kuyanga ɗaya? Dokar Lugga ta 1901 ta ce duk wanda aka haifa bayan ƙarshen Maris na shekarar ɗa ne, amma ba a haramta bauta gaba ɗaya a Arewacin Najeriya ba sai 1936. Akwai masu rai yau da aka haifa kafin nan. Muna da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa, muna da labarin Baba ta Karo, sai kuma shiru mai yawa. Ya ce tarihin mulkin mallaka mai rai kuwa ai muna yinsa duk sallah ba tare da mun kira shi haka ba: Hawan Nasarawa a Kano da Hawan Bariki a Zariya da Katsina, hanyar da sarki ke bi ya je gaida gwamna, ita ce wadda aka bi aka je gaida Razdan.

Yaya ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta ce a danginsu an taɓa fasa wani aure ana saura kwanaki, bayan wata tsohuwa ta je ta yi bincike ta dawo ta ce yaron ba shi da asali. Kowa ya san abin da ake nufi, ba wanda ya furta kalmar. Ta ce yaron likita ne yanzu, yarinyar kuma an aurar da ita ga wani, kuma ita kanta tana cikin waɗanda suka yi shiru a lokacin. "Da matar nan ta gidan Randolph ta tambaye mu wa ya san sirrin wa," in ji ta, "ba gidan Bature na tuna ba."

Akanta ya so mu ratse Yorktown, tafiyar ƙasa da rabin awa daga Williamsburg, domin gidan tarihin da ke can ya mallaki hoton Ayuba Sulaiman Diallo, Bafulatanin Bundu da aka kama a gaɓar kogin Gambiya aka kai shi gonar taba a Maryland a 1731, wanda wasiƙar da ya rubuta da Larabci ta zama sanadin fansarsa har ya koma gida ta Landan. Shi kansa bayi ya kai sayarwa lokacin da aka kama shi. Amma rana ta riga ta yi sanyi, ba mu yi la'asar ba, kuma Yaya tana da aikin safe. Muka tsaya a wani gidan mai, muka yi alwala da ruwan gora, muka shimfiɗa darduma a kan ciyawar da ke bayan motar. Mun sa ranar komawa cikin watan gobe, kuma ƙanen Yaya ne zai yi tuƙi.